Sawun da Ya Shiga Fadamar Jakara

Sai da suka gama tattake wurin kaf, manya da yara har da awakin unguwa, sannan wani ya tuna ya ce a kira Kyari. Haka mutanen Fagge suke yi mini kullum. Za su taka sawu su murje shi, su tofa masa jan yawun goro, sannan su aiko wai Baba Kyari ya zo ya duba. In duba me, don Allah?

Ranar Juma'a ce, tsakiyar daminar 1955. Maza sun dawo daga masallacin cikin birni, Alhaji Sammani ya buɗe shagonsa na ɗinki a Kwaciri, ya tarar da teburi babu kan keke. Keken hannu ne, baƙi mai zanen ruwan zinariya, wanda ya fi kyau cikin ukun da ke shagon, kuma a kansa ƙanensa Modu ya yi ta ɗinki har Allah ya karɓi ransa bara. Ƙofar gaba tana kulle yadda ya bar ta. Ta baya ce, mai kallon fadamar Jakara, aka buɗe kwaɗonta aka rataye shi a ƙusa, ba a ɓalla komai ba.

Kafin in iso har sun gama shari'a. Sun tare Boniface, mai gyaran kekunan ɗinki na Sabon Gari, a bakin titi, sun yi masa dukan kawo wuƙa, sun ja shi zuwa zauren mai unguwa. Kowa yana so shi zai faɗa mini hujja. Wai jiya Alhamis ya zo ya zuba wa keken mai. Wai mutum ne mai wasa da ƙarfe, kwaɗo ba zai gagare shi ba. Wai an ga sawun takalmi mai ƙusa ya fito daga fadama ta gefen Sabon Gari. Alhaji Sammani ya ɗora tasa a kai yana kaɗa hannun riga: duk Musulmin unguwar nan yana masallaci, to wa ya rage?

Maganar ta zauna wa kowa daram. Ba zan ɓoye ba, ni ma ban ga ramin da ke cikinta ba a ranar.

Ni mutumin tafkin Chadi ne. A tsibiri aka haife ni, kuma shekara ashirin na yi ina bin ɓarayin shanu cikin ruwa da ciyawa kafin tsufa ya turo ni Kano. Yanzu ina saƙa asabari da kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, ni da 'yata Falmata. Ita ce matar marigayi Modu, ta dawo gidana da 'ya'yanta biyu bayan ta gama takaba.

Mai unguwa ya ja ni gefe. Shekara biyu ke nan da rigimar da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari, waɗanda suka binne nasu ba su manta ba, kuma ga samarin Sabon Gari can sun fara taruwa a tsallaken titi. Ya ce ya ba ni zuwa la'asar ɗin Lahadi. In ban kawo masa wani ba, zai miƙa Boniface ga 'yan doka, daga nan sai gidan yari. Na koma gida raina a ɓace, na tarar ko wuta ba a hura ba. Falmata ta ce zazzaɓi ke damunta, na jiƙa gari na sha.

*

Da safiyar Asabar na shiga wurin Boniface. Yana zaune a dandaryar ƙasa, ido ɗaya a kumbure, ya tallafe hannun dama da na hagu. Yatsansa manuni ya juya inda bai kamata ba. Na san shi, ya daɗe yana tsallakowa Fagge da 'yar jakar kayan aikinsa, Hausa a bakinsa sai dai ɗan karin harshe. Ya ce lokacin sallar yana rumfarsa a kasuwa, mutum goma sun gan shi. Na ce su wa da wa, ya lissafa, duk mutanen Sabon Gari. Wato a kunnen Alhaji Sammani ba a kawo shaida ko ɗaya ba.

"Baba, in ka same shi kada a bar shi kusa da ruwa," in ji shi. "Shekara bakwai ina kula da keken nan. Tsatsa ba ta jira."

Na tsaya ina kallonsa. An karya wa mutum yatsa, shi tsatsa ce ta dame shi. Ban kai ga wata tambayar ba sai ga Alhaji Sammani ya faɗo zauren, wai ina hira da ɓarawo maimakon in matsa masa ya faɗi inda ya kai kaya. Na ce masa ni sawu nake bi, ba bulala nake riƙewa ba, kuma sawun da zan bi yana ƙarƙashin takalman mutanensa.

*

Wata tsohuwa mai ƙosai ta raɗa mini cewa ta ga Kaka, telan da ke aiki a shagon Alhaji, ya sulale ta lungu lokacin da ake tafiya masallaci, ya dawo da laka a ƙafa. Na same shi yana dasa maɓalli. Ƙaton mutum da gemunsa, ya shiga rantse-rantse wai yana sahu na uku, har ya kawo mini abin da liman ya faɗa a huɗuba. Na ce ya ɗauko mini wandon da ya sa jiya.

Lakar da ke ƙafar wandon ja ce. Irin wannan ta kududdufi ce, inda ake haƙar ƙasar gini a bayan Rijiyar Lemo. Ta fadama baƙa ce ƙirin, ruɓaɓɓiyar ciyawa ce ta shekaru masu yawa, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta bushe ta koma launin toka. Na murza ta a yatsa na nuna masa, nan take ya bar rantse-rantsen. Ashe ƙugiya ya je dubawa, ya ɗana wa tarwaɗa tun Alhamis, yana tsoron wani ya riga shi. Ya riƙe mini gwiwa kada in gaya wa Alhaji ya bar Juma'a saboda kifi. Rabin yini ya tafi a kan tarwaɗa biyu.

*

Da azahar na tsallaka Sabon Gari. Samarin da ke bakin titi suka bi ni da wani irin kallo, sai wata mata ta ratso su ta kama mini gefen riga. Ebere ce, matar Boniface. Ta kai masa abinci an dawo da ita daga ƙofa. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Baba, hannun nan da suka taka shi ne abincinmu." Ita ta raka ni har inda aka ga sawun.

Nan kam Allah ya taimake ni, ba a tattake ba sosai. Kallo ɗaya na yi na ji kamar in zauna in yi kuka don takaici. Sawun ya fito daga fadama, gaskiya ne. Amma taku huɗu a gefe ga shi nan ya shiga, daga wannan gaɓar dai ta Sabon Gari. Mutum ya shiga ya fito, mutanenmu suka ga fitowar suka rufe ido ga shigar. Kuma zurfin diddigen ɗaya ne a tafiya da dawowa. Wanda ya ɗauko ƙarfe a ka, diddigensa yana nutsewa, takunsa yana gajarta. Wannan bai ɗauko komai ba sai kansa.

Ebere ta san mai takalmin. Sylvester ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana harbin agwagin ruwa da wata tsohuwar bindiga. Da na tambaye shi ko ya taɓa tsallakawa zuwa Fagge ta nan, ya yi dariya har da tari. Ya ce sau ɗaya ya gwada, fadama ta karɓi takalmi ɗaya ta bar masa ɗaya. Sannan ya shiga yi mini ƙorafin jiya. Wai ya laɓe tun hantsi, garken kirinjijiya ya sauka daidai, yana ɗaga bindiga sai suka tashi fir gaba ɗaya daga can tsakiya, wajen tudun nan mai giginya, har da zalɓe, kamar an kore su. Rana tana tsaka lokacin. Bai ga kowa ba, don kacala ta fi mutum tsayi.

Abin da ya sa nake jin haushin mutanen Kano ke nan a kan ruwa. Shekara da shekaru suna zaune a bakin fadamar nan, suna zuba mata shara, amma a wurinsu wani ƙaton kududdufi ne da za ka naɗe wando ka ratsa. Ba haka take ba. Da farko akwai gaɓa mai baƙar laka, ita ke riƙe sawu. Sai dajin kacala, inda ruwa ke kai wa gwiwa zuwa ƙugu. Bayansa sai burugu, ciyawar da ke shimfiɗe kore shar kamar filin da za ka yi sallah a kai, alhali tabarma ce kawai a kan ruwa, ƙarƙashinta babu ƙasa. A tsakiya kuma Jakara kanta ce ke tafiya a hankali ƙarƙashin ganyen bado, a damina ta fi ƙarfin tsayin mutum. Ba wanda zai ratsa wannan da keken ɗinki a ka. Amma wani ya kai tsakiya ranar Juma'a da rana tsaka, tsuntsaye ba sa tashi haka kawai.

*

Da hantsin Lahadi na tuɓe riga na ɗaura bante, ina tsoho mai shekara sittin da ɗoriya, na shafe ƙafafuna da taba da kanwa saboda matsattsaku, na shiga ta bayan shagon Alhaji. Ban nemi sawun ƙafa ba, na riga na haƙura da shi. Ciki kaɗan, inda ba a hangowa daga gaɓa, na iske an yanke kacala wajen runguma biyu. Yankan a karkace yake, sara ɗaya ɗaya, bakin karan ya fara yin ja, wato kwana biyu. Mai yankan kuma ya zaɓi busassu-busassu na bara masu iska a ciki, ya bar ɗanyu. Mai saƙa ɗanyu yake so. Busasshiya ta mai son abu ya yi iyo ce.

Daga nan hanya ta buɗe mini kamar titi. Kainuwa tana rufe bayan mutum cikin sa'a guda in iska ta kaɗa, ita ba ta da amana. Amma burugu in an danne shi yana kwana uku bai miƙe ba. Ganyen bado kuma in abu mai faɗi ya bi ta kansa yana kifewa, jan cikinsa ya dubi sama. Na bi jajayen ganyen nan ina iyo ina hutawa, ina tsine wa Alhaji da kekensa, har ƙafata ta taɓa ƙasa a gindin giginya.

Ga shi nan a kan tudu, an ɗora shi bisa duwatsu uku don kada ya taɓa ƙasa. An naɗe shi da tabarma, an rufa masa buzu. Na buɗe, na ga an shafe duk ƙarfensa da man gyaɗa, an cire allurar an soke ta a tsumma. Na bi ɓarayi da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya lallaɓa kayan sata haka ba. A gefe, an tura shi cikin ciyawa, ga abin da aka ɗauko shi a kai: dami biyu na kacala an haɗa su, bakin ya tsuke ya ɗaga sama, ƙanen irin jirgin ciyawar da muke yi a tafki.

Na jawo shi na duba ɗaurin. Zagaye biyu, an lanƙwasa wutsiyar igiyar an cusa ta ƙarƙashi ta hannun hagu. In ya jiƙe ƙara matsewa yake yi, amma wanda ya san kansa ja ɗaya zai yi ya warware. Ko a tafki ba kowa ke yin sa ta hagu ba. Ubana bahago ne, haka ya koya mini. Ni kuma Allah bai ba ni ɗa namiji ba, mutum ɗaya na koya wa a duniya, tana 'yar shekara tara, a bakin ruwan garinmu.

Na zauna a gindin giginyar nan na daɗe. Duk Musulmin unguwa yana masallaci, in ji Alhaji, mu kuma muka gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Rabin unguwa suna gida ranar Juma'a, sun san inda ake ajiye kowane mabuɗi, amma ba wanda ya lissafa su cikin mutane. Har tsohuwar da ta tona mini Kaka mace ce, a gida take lokacin sallar, kan nan nawa bai motsa ba.

*

Na dawo da keken bisa damin, na naɗe su duka na kai zauren mai unguwa na ce kada a buɗe sai la'asar. Sannan na shiga gida. Falmata tana tankaɗe, zanenta har ƙasa, abin da ba ta saba yi ba in tana aiki. Na kori yara waje. Na ce ta ɗaga zanen zuwa ƙwauri. Ba ta yi musu ba. Cizon matsattsaku ne birjik, ko tabar ba ta tsaya shafawa ba.

"Na Modu ne, Baba," ta ce. "Sau nawa na gaya maka, ka ce in yi haƙuri?"

Gaskiyarta, na faɗa. Alhaji ya ce duk abin da ke shagon nasa ne, Modu aiki kawai yake yi, ni kuma ban so rigima da surukai ba, na ce ta bar wa Allah. Ta ce ranar Alhamis ta ji daga matan gidan Alhaji cewa an zuba wa keken mai ne don wani mutumin Nguru zai tafi da shi a jirgin ƙasa ranar Asabar. Shekara tara ta yi tana aure a gidan Alhaji, ta san mabuɗin ƙofar bayan shagon yana cikin wani tulun da ya fashe. Niyyarta ta ɓoye shi har mai sayen ya tafi, sannan ta kai ƙara. Ba ta taɓa kawowa za a kama wani ba.

"To an kama," na ce. "Tun Juma'a kin ji. Kwana biyu kina tankaɗe gari, mutum yana kwance da karyayyen yatsa."

Nan ta fashe da kuka. Ta ce in aka kira ta ɓarauniya a bainar jama'a, Alhaji zai karɓe yaran, ya ce ba za a bar jinin ƙanensa a hannun ɓarauniya ba, kuma ba wanda zai ce masa don me. Na san ba ƙarya take yi ba. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, na kuma ji haushinta yadda ban taɓa ji ba. Ban ce ta zo ba, ban ce kada ta zo ba. Na sa riga na fita.

*

Zauren ya cika har waje. Mai unguwa yana bisa buzunsa, Alhaji Sammani a damansa. Na sa an zaunar da Boniface da Kaka da Sylvester a jere. Ebere tana bakin ƙofa, samarin Sabon Gari suna tsallaken titi, namu suna wannan gefen, kowa hannunsa a cikin riga.

Na buɗe keken. Zauren ya ɗauki salati, Alhaji ya miƙe zai rungume shi, na ce ya zauna tukuna. Na faɗi inda na same shi. Na wanke Sylvester da zurfin diddigensa. Na wanke Kaka da jar lakarsa, ban ambaci tarwaɗa ba, amma Alhaji ya harare shi, ya san sauran. Sannan na ajiye damin kacala a tsakiya, har yanzu yana ɗigar ruwa, na ce a kan wannan aka tsallakar da keke, duk wanda ya ɗaure shi zai iya kwance shi ba wuƙa.

Kaka ya ja har farcensa ya karye. Sylvester ya sa haƙori. Boniface ya gwada da hagu, ya girgiza kai. Alhaji da kansa ya sauko ya yi ta fama yana huci, ɗaurin sai ƙara shiga yake yi. Na sa yatsa biyu na ja wutsiyar, damin ya warware ya baje a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a sallami mutumin nan," na ce. "Ɗaurin gidanmu ne. A duk Fagge ni nake yin sa. Ni za a miƙa wa 'yan doka."

Wallahi na ɗauka dabara na yi. Tsoho ne ni, wata shida a gidan yari ba zai rage mini komai ba. Amma Alhaji Sammani, wanda bai taɓa faɗar magana mai amfani a gabana ba, ranar ya zaɓa ya tuna gaskiya. Ya ce ina, Baba Kyari kafaɗa da kafaɗa muka yi sallah, har ya taka mini riga a raka'a ta biyu, tare muka dawo. Mutum biyar suka ce haka ne. Alhaji ya juya ya nuna Boniface, ya ce to ashe tsohon nan ya koya wa wannan ɗaurin, haɗin baki ne, a tafi da su duka biyun. Na ji hayaniya ta tashi a waje, wani ya fara cewa a fito da shi.

"Ni ya koya wa."

Falmata ce. Ta ratso maza da mayafinta, ta tsaya kusa da Ebere, kowa ya ji ta. Ta faɗi tulun da mabuɗi yake, ta faɗi inda ta yanki kacala. Wani ya ce mace ba za ta iya ba. Ta durƙusa ta tattara damin, ta ɗaure shi kafin ya rufe baki, ta tura masa da ƙafa ta ce ya kwance.

Alhaji ya yi abin da ta ce zai yi. Ya ce ɓarauniya ta fito a gidan Kyari, ta saci dukiyarsa, yau ɗin nan zai kwashe 'ya'yan ƙanensa. Falmata ta ce ba ta saci nasa ba, na marayu ta ɗauke. Mai unguwa ya tambaye ta shaida. Ba ta da takarda, ba ta da kowa, Modu yana ƙasa. Ta sunkuyar da kai.

Boniface ya ɗaga kumburarren idonsa ya dube ta. Ya daɗe yana kallonta, kuma da ya yi shiru ba wanda zai ga laifinsa, har ni. Sai ya ce a kifa keken. Aka kifa. Ya nuna da haɓa, can ƙarƙashi inda hannu ba ya kai wa. Ya ce shekara bakwai da suka wuce shi ya raka Modu kanti ya zaɓa masa wannan, Modu ya roƙe shi ya zana masa suna da ƙarfe saboda ɓacin rana. Mai unguwa ya kira wani malamin makaranta ya karanta da ƙarfi. Modu ne, harafi huɗu. Alhaji ya ce ai dama ajiya yake yi wa marayu.

*

Alƙali ya yanke cewa keke na marayu ne, ya zauna a hannun uwarsu, yara ma haka. Ya yi wa Falmata faɗa mai zafi a kan shiga shagon mutum ba izini, ya sallame ta. Su kuwa waɗanda suka taka Boniface, ko ɗaya ba a samu wanda ya san wanda ya yi ba. Mai unguwa ya aika masa da ƙwarya ɗaya ta goro, mutumin da ba ya cin goro. Shi ke nan haƙurin da Fagge ta ba shi. Ni na je da kaina na durƙusa a ƙofarsa, Ebere ta ba ni ruwa, ta koma ciki.

Boniface bai sake taka Fagge ba. Bayan wata biyu keken ya fara cin zare, laimar fadama ta yi aikinta duk da man gyaɗar. Falmata ta tambaye ni ko akwai wani mai gyara. Na ce akwai, amma ba wurinsu za ta ba. Ta naɗa gammo ta ɗora shi a ka, ta bi titi a gaban kowa har kasuwar Sabon Gari, ina biye da ita.

Boniface ya karɓa. Ya buɗe jakarsa ya ɗauko ɗan ƙaramin sukudireba, ya kai shi bakin noti, ya suɓuce. Ya sake, ya sake suɓucewa. Yatsan ya warke a lanƙwashe, ba ya miƙewa, ba ya matsewa. Falmata tana tsaye tana kallon yatsan, hawaye na zuba, ta kasa ko ba da haƙuri.

Ya miƙa mata sukudireban.

"Zauna," ya ce. "Ke za ki juya, ni in gaya miki inda za ki sa. A hankali, notin ƙarami ne."

Ta zauna a ƙasa gabansa ta karɓa. Tun daga ranar duk Asabar tana can rumfarsa daga hantsi zuwa azahar, tana ɗaure masa ƙananan notin da hannunsa ba ya iyawa, na keken kowa. Ba ni na sa ta ba, shi ma bai roƙe ta ba. Mutanen Kwaciri suna ta surutu wai 'yar Kyari ta zama yaron mutumin Sabon Gari. Wanda ya kawo mini maganar nakan tambaye shi inda ƙafarsa take ranar Juma'ar nan da yamma, sai ya tuna yana da uzuri.